Kujerun da dillali ya ce katakon ceri ne: in saya ko in haƙura?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin katako ku ba ni shawara kafin Asabar. Wani dillali ya kai ni wani gida a Malali, nan Kaduna, ya nuna min kujeru biyu masu zaman mutum ɗaya, irin na da ɗin nan masu hannun katako, ƙafafunsu sirara sun ɗan buɗe waje, bayan ya ɗan kwanta, kushin ɗin kuma ɗagawa ake yi. Ya ce katakon ceri ne, daga Amurka aka zo da su tun shekarun 1960, wai mai gidan a hannun wani Bature ya saye su. Ya ce naira 420,000 duka biyun, na taya 250,000 ya ce albarka. Launinsu ja ne mai duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Gaskiya raina ya biya, domin irinsu mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake da su a kwatas ɗin reluwe, a kan ɗaya yake zama ya saurari rediyo kullum da safe. Bayan rasuwarsa ban san inda suka shiga ba. Tambayata biyu ce: ta yaya ake gane ceri na gaske, kuma kuɗin nan bai yi yawa ba?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, 420,000 a kan tsofaffin kujeru biyu? Ki ƙara kaɗan a kai ki je Panteka a yi miki sababbi dal, har da teburin tsakiya. Ni ban ga dalili ba.

Ummu_Sadiq:
Baban_Khalifa, ai ba sababbi ta ce tana so ba. Wanda bai taɓa zama a irin kujerun nan ba ba zai gane ba. Mu namu na gidan kakanmu a Tudun Wada har yau suna nan, jikoki sun yi tsalle a kai, tattaɓa kunne ma sun yi, ko motsi ba sa yi.

Kafinta_Panteka:
Hajiya Maman Ilham, shekarata 26 a wannan sana'a, bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Itacen ceri ba ya fitowa a ƙasar nan. Duk wanda ya zo shagona ya ce ceri yake so, abin da yake nufi launi ne, ba itace ba. Mu ɗauko maɗaci ko wani farin katako, mu shafa masa kala mai ja, mu fesa folish, shi ke nan ya zama ceri a bakin kasuwa. Dillalai da yawa ba ƙarya suke nufin yi ba, su ma haka suka ji ana faɗa.

In kin koma, ki sa a kifa kujerar ƙafafu sama. Ki duba ƙasan mazauni, inda rana ba ta taɓa gani ba kuma ba a shafa komai ba. A nan katako yake faɗin gaskiyarsa. Maɗaci yana da 'yan ƙananan ramuka a jikinsa, kamar an tsattsaga da bakin allura, ko farce kika ja za ki ji su. Loko ma haka, har ya fi. Na taɓa gyara kujerun waje guda huɗu da aka ce min ceri ne, jikinsu sumul yake, ba ka ganin ramin komai, kuma ba su kai maɗaci nauyi ba. Ki ɗaga da hannu ɗaya ki ji.

Injiniya_Barnawa:
Oga Kafinta ya yi bayani mai kyau, zan ɗora kaɗan. Ceri ɗin da ake kayan ɗaki da shi a Amurka a gabashin ƙasar yake fitowa, jihar Pensilbaniya ta yi suna da shi. Abin da ya bambanta shi shi ne yana canja launi da haske. Sabon yanka fari-fari ne mai ɗan ruwan hoda, amma yana shan haske yana ƙara duhu har ya zama jan nan mai zurfi. Saboda haka in na gaske ne mai shekara sittin, hannun kujerar zai yi duhu, wurin da kushin ya rufe kuma zai fi haske, kuma canjin a hankali yake tafiya, ba layi ɗaya kamar na burushi ba. Sai kuma 'yan ɗigo-ɗigo ko gajerun layuka baƙaƙe a cikin katakon, na ƙaron itacen ne. Masu kala ba sa iya kwaikwayon wannan sosai.

Wani abu kuma, ko a can Amurkar kamfanoni da yawa sun yi amfani da farin katako mai araha su rina shi ja. Don haka zuwa daga waje daban, zama ceri daban. Ki nemi wani ɓoyayyen wuri da ya taɓa ƙujewa. In cikin fari ne tas, rini ne.

Dan_Kawo:
To ni fa akwai wani mai sayar da katako da ya taɓa nuna min wani ya ce sunansa ceri na Afirka. Wannan fa? Ko shi ma ƙarya ne?

Injiniya_Barnawa:
Dan_Kawo, ba ƙarya ba ne, suna ne na kasuwa. Makore ke nan, a dazuzzukan Gana da Kodebuwa da kudancin ƙasar nan yake fitowa. Ba dangin ceri na Amurka ba ne ko kaɗan, launi ne ya haɗa su. Katako ne mai kyau ƙwarai, ya fi ceri nauyi, kuma gara ba ta cika samun sa'arsa ba. In kujerun Hajiya makore ne ba ta yi asara a inganci ba, sai dai labarin Amurka ya faɗi, kuɗin ma dole ya sauko.

Kafinta_Panteka:
Makore na san shi. Yana cinye bakin zarto, ƙurarsa kuma in ta shiga hanci sai ka wuni kana atishawa. Maigidana da ya koya min aiki ba ya bari mu goge shi sai mun ɗaure fuska da ƙyalle.

Tsohon_Maaikaci:
'Yata Maman Ilham, Allah ya gafarta wa mahaifinki. Ni na fara aikin gwamnati a Kaduna ina saurayi, kuma na zauna a gidajen gwamnati uku kafin in yi ritaya. Irin kujerun da kika siffanta, na kwatas ɗin reluwe, kusan na tabbata ba daga waje suka zo ba. A zamanin da Kaduna take hedikwatar Jihar Arewa, kafin a yi jihohi a 1967, har bayan nan ma, ma'aikatar ayyuka da muke kira PWD ita ke sa kayan gidajen manyan ma'aikata. Kafintocinta ne ke yin su a nan gida da maɗaci da loko. In an ba ka gida sai a zo da takarda a ƙirga maka: gado kaza, tebur kaza, kujeru kaza, ka sa hannu. Ranar da za ka tashi a sake ƙirgawa. Yawancinsu akwai lamba a ƙasa, wasu da farin fenti, wasu an ƙona da ƙarfe. Reluwe su ma suna da nasu kafintocin.

Amma kada a ce maganar dillalin ba za ta yiwu ba. A da akwai ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a nan Kaduna shekaru masu yawa, akwai kuma malaman Amurka da suka zo Jami'ar Ahmadu Bello bayan buɗe ta a 1962, musamman ɓangaren noma da likitancin dabbobi. Ga Turawan masaƙun Kakuri. Idan za su koma gida sukan sayar da kayansu, ofisoshinsu ma kan yi gwanjo. Ni kaina na sayi fanka da akwatin littattafai a irin wannan gwanjon. To kayan Amurka sun shigo gidajen Kaduna ta wannan hanya. Sai dai na PWD sun ninka su yawa nesa ba kusa ba, kuma daga nesa kamarsu ɗaya.

Maman_Ilham:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi kamar kana gidanmu, na tuna akwai wasu haruffa da farin fenti a bayan kujerar Babanmu, muna yara muna karantawa ba mu san ma'anarsu ba.

Hajiya_Zee:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ƙanwata, kuɗin cizo! Na taɓa sayen kujera 'yar Beljiyam mai kyan gaske, ashe da baƙi ta zo. Wata uku muna fama, sai da muka fitar da katifu biyu muka ƙona. Ko da zinare aka yi kujerun nan, kada ki shiga da kushin ɗinsu gidanki. A bar soson da yadin a can, katakon kawai za ki ɗauko, shi ma ya sha magani ya kwana biyu a tsakar gida.

Kafinta_Panteka:
Hajiya_Zee, maganar soso gaskiya ce, soson da ya shekara haka ma in kika matsa shi gari yake zama. Amma kada a shanya katakon a tsakiyar rana, balle da hunturu. A inuwa za a ajiye. Iskar hunturun Kaduna ita ke sa tsofaffin kujeru su fara girgiɗi, katako ya tsuke, gam ya saki. Da damina kuma ya kumbura ya koma ya kama. Wanda ya sayi kujera a watan Agusta ya ji ta daram, ya jira Janairu kafin ya yabe ta.

Sannan ki duba ƙasa inda aka ajiye su. In kin ga gari mai laushi kamar fulawa da 'yan ramuka kamar na allura a ƙafa, ƙwaro na ciki yana ci. Gara kuwa daga ciki take cinyewa ta bar fatar waje, ki ƙwanƙwasa da mukulli, in kin ji kamar ganga to ba komai a ciki.

Abu_Hanifa_Rigasa:
'Yar uwa, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Kin ce dillali ne ya kai ki gidan. Mai kujerun yana raye? In ya rasu, an raba gado? Domin sau da yawa wani daga cikin 'ya'ya ne ke fitar da kayan gida ya sayar ba da sanin sauran magada ba, wataƙila ma akwai marayu ƙanana a ciki. Ki tabbatar wanda ke sayarwa yana da hakkin sayarwa. Wannan ya fi sanin sunan katakon muhimmanci.

Ummu_Sadiq:
Malam ya faɗi gaskiya. Maman Ilham da kanta ta ce ba ta san inda na mahaifinsu suka shiga ba. Haka kayan iyaye ke salwanta.

Maman_Ilham:
Malam Abu Hanifa, na gode da tunatarwa, ban yi wannan tunanin ba sam. Wata dattijuwa na gani a gidan, amma ba mu yi maganar ciniki da ita ba, dillalin ne ke ta magana. Zan tambaya.

Baban_Khalifa:
Har yanzu ina kan bakata. Kowa na ta yabon kayan da, kamar yanzu babu masu hannu. Ku je Panteka ku ga aikin da yaran nan ke fitarwa. A nuna musu hoto kawai, su yi wadda ta fi ta Baturen. Kuɗinmu ya zauna a gida, matasa su samu aiki.

Kafinta_Panteka:
Baban Khalifa, na ji daɗin wannan magana, mu ma muna son a riƙa tunawa da mu. Amma zan gaya maka gaskiya ko da a kaina za ta faɗo. Hannu akwai shi. Abin da babu shi ne busasshen katako da haƙurin mai saye. Kafintocin da Baba Tsohon Ma'aikaci ke magana a kai, katakonsu sai ya daɗe a jingine a rumfa ya bushe sarai kafin a sa masa zarto. Yau an yanko itace wancan makon, an kawo shi da danshinsa, mai aiki kuma yana tsaye a kanka biki saura kwana goma. Sai ka buga da ƙusa ka rufe da soso da yadi mai ƙyalli. Hunturu ɗaya ya isa ya tona asiri.

Irin waɗancan kujerun ba su da inda za ka ɓoye kuskure, duk katakon a fili yake. Kowace mahaɗa sai an fafe rami an sassaƙa harshe ya shiga cif, ba ƙusa. Hannun kuma sai an goge shi da hannu har ya yi santsi kamar tafin jariri. Zan iya yi, na sha yi. Amma in na faɗi kuɗin kwanakin da zai ci ni da kuɗin maɗacin kirki, mutum sai ya ce ai gara 'yan Turkiyya.

Dan_Kawo:
Maɗacin kirkin ma ina yake yanzu? Ku duba abin da aka yi wa madobiya. Tirela-tirela aka riƙa lodinta daga Taraba da Kogi ana kaiwa tashar ruwa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. Mu nan yanzu sai malaina, ita ma ba a bari ta girma.

Amaryar_Kabala:
Ni matsalata da irin kujerun nan mutane ne. Na sa guda biyu a falona na gado daga wajen kakata, ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki sai da aka yi ta ƙus-ƙus, wai an kawo amarya da kujerun asibiti. Sai da Mama ta ƙaro saitin royal aka samu lafiya. Yanzu na mayar da su ɗakin karatun maigida, kuma duk baƙon da ya shiga a kansu yake son zama.

Hajiya_Zee:
Amarya, ai yayi ne, yana zagayowa. Yanzu ki duba Instagram, masu kayan ɗaki na Abuja da Legas irin wannan ƙirar suke ta kwaikwaya, ƙafafu sirara. Shi ya sa dillalai suka farga suke tsuga kuɗi. Shekara goma baya kyauta ma ana ba ka ka kwashe.

Injiniya_Barnawa:
Haka ne, kuma a Turai da Amurka yayin ya daɗe da dawowa. Ƙirar ta shekarun 1940 zuwa 1960 ce, 'yan Denmak ne suka fi shahara da ita, irin su Hans Wegner da Finn Juhl. Kujerar Wegner ce Kennedy da Nixon, 'yan takarar shugabancin Amurka, suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960. Amma su 'yan Denmak sun fi aiki da katakon tik da oak, na Ingila irin su kamfanin G-Plan ma tik ya fi yawa. Ceri ya fi zama na Amurkawa. To in Hajiya ta ga tambarin Denmak ko Ingila a ƙasa kuma ana ce mata ceri, sai ta ƙara sa ido.

Abin da ke sa irin waɗannan tsada a can shi ne sunan wanda ya zana su da tambarin kamfani. In babu tambari, babu takarda, to kujera ce mai kyau kawai, a saye ta a kuɗin kujera mai kyau.

Sani_Mando:
Hanya mafi sauƙi: a duba sukurorin. In mai tsaga ɗaya ne tsohuwa ce, in mai kuros ne sabuwa ce. Magana ta ƙare.

Injiniya_Barnawa:
Malam Sani, ba ta ƙare ba. Sukuru mai kuros tun shekarun 1930 ake amfani da shi a Amurka. Kuma kujerar da ta shekara sittin a Kaduna ai kafinta nawa ne suka taɓa ta. Abin da zai fi nuna sabon aiki shi ne a ga MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko filawud na yanzu a jikin firam ɗin.

Maman_Ilham:
Salam. Na koma yau da yamma tare da ƙanina, mun kifa su kamar yadda Oga Kafinta ya ce. Ga abin da muka gani. Katakon sumul yake, ban ga ramukan nan ba, kuma akwai 'yan baƙaƙen layuka nan da can. Ƙarƙashin kushin ya fi haske sosai. Ƙanina ya ɗaga da hannu ɗaya ba wahala. Akwai wata takarda manne a ƙasan ɗaya amma ta cinye, sai kusurwarta kawai, ba a iya karanta komai. Babu lambar fenti. Inda kushin ke zama wasu faffaɗan robobi ne aka ja, duk sun bushe sun karye, an sa igiya a madadinsu. Ɗaya kujerar lafiya lau, ɗayar kuma ƙafar baya tana motsi, kuma an taɓa buga mata ƙusa biyu, katakon ya ɗan tsage a wurin. Ban ga garin ƙwaro ba.

Malam Abu Hanifa, na samu Hajiyar gidan mun gaisa. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, an raba gado, kujerun a kasonta suka faɗo, za ta koma wajen ɗanta a Zariya shi ya sa take rage kaya. Ta ce malami ne a jami'a kafin su dawo Kaduna, kuma tun tana amarya ta tarar da su a ɗakinsa. Ita ba ta taɓa jin kalmar ceri ba sai a bakin dillalin. Abin da ya ba ni mamaki, da na ambaci 420,000 sai ta yi shiru ta kalli dillalin.

Hajiya_Zee:
Wannan shirun ai magana ce. Ba kuɗin da ya gaya mata ke nan ba. Ki yi ciniki da ita kai tsaye, shi a ba shi la'adarsa.

Abu_Hanifa_Rigasa:
Alhamdu lillahi da batun gado ya fita. Amma kada a zagaye dillalin a hana shi hakkinsa, shi ya nuna hanya. A zauna su uku a faɗi kuɗi a fili. Kuma 'yar uwa, tunda yanzu kin fi ta sanin darajar kayan, kada ki yi amfani da rashin saninta ki karya farashi. Ki gaya mata abin da kika gano.

Injiniya_Barnawa:
Alamun da kika lissafa sun yi kama da ceri ƙwarai, ga kuma zancen jami'a ya zo daidai da abin da Baba ya faɗa. Robobin nan ma irin na wancan zamanin ne. Ba zan rantse ba sai na gani da idona, don makore ma jikinsa sumul ne, sai dai rashin nauyin ya sa na fi karkata ga ceri.

Kafinta_Panteka:
Ƙafar nan ita ce abin dubawa. In tsagewar ba ta kai cikin mahaɗa ba, gyara ne mai sauƙi: a zare ƙusoshin a hankali, a kankare tsohon gam, a sa sabo a ɗaure ta kwana. In ta kai ciki, sai an yi ƙari, kuma ba za a samu ceri a nan a yi ƙarin da shi ba, dole wurin ya bambanta. Ki rage kuɗin wannan a ciniki, da na soso da yadi da bel ɗin ƙasa.

Roƙona ɗaya, Hajiya. Duk wanda za ki ba gyaran, kada ki bari ya sa mata injin guga ko ya fesa mata folish mai ƙyalli. Jan nan da kike so a fatar sama kawai yake, shekaru ne suka yi shi. In aka goge da samfefa mai kaushi zai koma fari-fari, sai an sake jira. Tsumma mai ɗan danshi, sannan man katako kaɗan, ya isa.

Baban_Khalifa:
To na ji. Amma ko ceri ne, ni 300,000 ba zan wuce ba, da ƙafa mai motsi.

Ummu_Sadiq:
Ni kuwa da ina da hali ko a yadda ya faɗa zan ɗauka. Ba kullum ake samun biyu iri ɗaya ba.

Tsohon_Maaikaci:
'Yata, wani abu nake so ki tambayi kanki kafin Asabar. Waɗannan, bisa ga dukkan alamu, ba irin na mahaifinki ba ne, nasa na gida ne masu lamba. In ceri kike nema, ga shi kin kusa samu. In kuwa kujerar Babanku kike nema, ki sa a duba miki wajen masu tsofaffin kaya a Panteka da Kasuwar Barci, ko ki tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe, za a samu na maɗaci a kuɗin da bai kai rabin wannan ba. Kin tambayi 'yan uwanki ma kuwa? Wataƙila nasa suna jingine a sito a gidan wani.

Maman_Ilham:
Baba, wallahi ban taɓa tambaya ba. Yanzu na kira Yayarmu da ke Kafanchan, ta ce tana jin ɗaya tana wajen Kawunmu a Unguwar Shanu, amma ba ta da tabbas ko ba a yi itacen girki da ita ba. Gobe in sha Allahu zan leƙa. Hajiyar Malali kuma ta ce in dawo Asabar bayan la'asar, ɗanta zai zo daga Zariya a yi maganar a gabansa. Oga Kafinta, in na samu ta Babanmu hannu ɗaya ya karye, ana iya yi mata sabon hannu da maɗaci ya yi daidai da tsohon?

Kafinta_Panteka:
Ana iyawa, in an samu tsohon maɗaci. Akwai wata tsohuwar ƙofa da na ajiye a bayan shago tun bara. Ki fara ganinta tukuna, ki auno min tsawon hannun da ya rage.